Sandar Giya Tana Lilo

Bakanike ya taka birki, ya kama sandar giyar ya ja ta baya, ya mai da ita gaba, ya sake ja. Nas tana tsaye a bakin ƙofar direba da fararen kayan aikinta, ta rungume jaka a ƙirji tana kallon hannunsa.

"Ka ji ko, Baba?" ta ce. "Lilo take yi. Sai ka ce cokali a cikin kofin da ba komai."

Bai ji ba. Idonsa dai yana ganin sandar tana zuwa tana dawowa, amma ko ta yi tauri ko ta yi sako-sako, wannan labarin bai iso masa ba. Wata biyar ke nan da yatsunsa suka daina kawo masa labari. Da farko kamar tururuwa ce ke yawo a cikinsu. Daga baya tururuwar ta tafi, ta bar su kamar an sa musu safar hannu mai kauri wadda ba ta ciruwa.

"Sabon gyara haka yake," ya ce. "Sai ya ɗan zauna."

Tun maganar ba ta gama fita ba ya ji kunyarta. Shekara talatin da 'yan kai yana gyaran giyar otomatik, bai taɓa faɗa wa mai mota haka ba. Masu faɗin hakan ma dariya yake musu.

Nas ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara riƙon jakarta.

"Baba, shekaranjiya na karɓi motar nan a hannunka. Jiya na ɗauko mahaifiyata daga gidan yayana. Ƙofar gidanmu akwai ɗan gangare. Na tura sandar ta hau fakin, da idona na gani, na fita in buɗe get. Ina zare sakata na ji tsohuwa tana kirana. Na juyo, sai ga mota tana tafiya da baya, ita kaɗai a ciki, ko bel ɗinta ba ta iya kwancewa. Tulin yashin maƙwabcinmu ne ya tare ta. Da ba gini yake yi ba, titi za ta faɗa."

"Birkin hannu fa?"

"Ban ja ba. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma shekara shida ina tsayawa a wurin, ba ta taɓa motsi ba. Yau ma sai da na yi ta lalube kafin ta yarda ta tafi gaba."

Bakanike ya sauke hannunsa a kan cinya. Ya tambaye ta jikin tsohuwar. Ta ce da sauƙi, tsoro ne kawai, amma ta rantse ba za ta ƙara shiga motar ba, ta ce gara ta tafi da ƙafa ko da za ta kwana a hanya.

"Zauna a benci, 'yata," ya ce. "Bari in duba."

Garejin rumfar kwano ce mai faɗin mota biyu, da ramin duba ƙarƙashin mota, da dogon tebur da aka jera farantai a kai don zuba ƙananan kaya. Jikin bango ɗaya suke da Mai Faci, wanda injin iskarsa ke bugawa tun safe har yamma. Shekara ashirin suna maƙwabtaka. Mai Faci ya leƙo, tumbinsa ya riga shi shigowa, yana goge hannu da tsumma.

"Dattijo, yau kuma mota ta dawo maka? Ko gaisuwa ta zo yi?" Ya juya wajen Nas. "Sista, ki kwantar da hankalinki. Wannan mutumin ido gare shi a yatsa. In ya sa hannu a cikin mota, har abin da ta ci jiya zai gaya miki."

Haka direbobi ke faɗi, kuma ba ƙarya suka yi ba. A da, in ya shafa faifan kulochi na cikin giya, zai ce saura wata nawa ya mutu. In noti ya kusa gocewa, yatsansa ya sani kafin sifana ta sani. Akwai wani mai gareji a ƙarshen layi da ke aiki da ɗan madubi mai doguwar sanda da fitilar waya. Bakanike ne ya sa masa suna Mai Madubi, sunan kuwa ya bi shi. Yakan ce, "Gyaran mota yake yi ko kwalliya?" Jama'a su fashe da dariya.

Yanzu kuwa matarsa ke ɓalla masa maɓallan riga da safe. Ba su taɓa maganar ba. Ta ga yana fama wata rana, ta zo ta ɓalla, tana ba shi labarin makarantar 'yarsu ƙarama kamar ba abin da take yi. Da ya fasa kofi biyu, ta sayo masa mai babban hannu, ta ce wai ya fi kyau. Takardar da likita ya ba shi, wadda ta ce ciwon suga ya ci jijiyoyin hannunsa, tana ninke a ƙasan akwatin sifanu, baƙin mai ya riga ya jiƙa gefenta.

Ya fara daga cikin motar, don nan ne zuciyarsa ke so matsalar ta kasance. A gindin sandar giya akwai wata 'yar roba da ke riƙe kan kebul. In mota ta tsufa takan ruɓe da kanta, ba laifin kowa. Ya ɗauko sukundireba mai mayen ƙarfe, wanda ya saya wata uku da suka wuce don kusoshi sun fara zille masa, ya kwance murfin tsakiya ya ɗaga a hankali. Ya sunkuya ya duba. Notuna huɗu da ke riƙe gindin sandar suna nan daram. Robar tana nan, baƙa wuluk, ko tsaga babu. Ya daɗe yana kallonta kamar za ta tausaya masa ta fashe.

Ya kama kebul ɗin da filaya ya ja. Ya ga ya taho kamar faɗin yatsa biyu ba tare da ya ja komai ba. To, sakin ba a nan yake ba. Yana can ɗaya ƙarshen, a jikin akwatin giya. Inda shi ya kwance, shi ya mayar.

Ya fito ya buɗe bonet. Zafin inji ya daki fuskarsa, don Nas ta yi tafiya mai nisa kafin ta iso. Ya cire akwatin iska ya ajiye a ƙasa. Daga nan ana hango wani ɗan hannun ƙarfe a saman giyar, wanda kebul ke ja don a sauya giya. Amma mahaɗarsu tana ƙarƙashi, ta juya wa mutum baya, ta fuskanci bangon inji. A irin wannan motar ido ba ya kaiwa wurin. Hannu ake zurawa a laluba, a ɗora bakin kebul a kan wani ɗan ƙarfe mai kai kamar ƙwallo, a danna har babban yatsa ya ji ya faɗa. Ya yi haka ya fi sau dubu.

"'Yata, shiga ki taka birki. In na ce ja, ki ja ɗaya-ɗaya."

Ta shiga.

"Ja."

"Na sa ribas."

Hannun ƙarfen bai motsa ba.

"Ƙara."

"Na sa furi."

Sai a lokacin ya ɗan gusa, a makare, kamar wanda aka tasa daga barci.

"Mai da ita fakin."

"Tana fakin."

Hannun ƙarfen ya koma rabin hanya ya tsaya. Bakanike ya dube shi. Ga shi nan a fili. A hannunta fakin, a cikin giya kuwa ba fakin ba. Ya hango tsohuwar da bai taɓa gani ba, zaune da bel a ƙirji, gidansu yana nisa da ita.

Ya zura hannun dama ta bayan injin har gwiwar hannu. Ya san yatsunsa sun isa wurin, don hannun ya ƙi gaba. Ya motsa su. Ba abin da ya dawo masa. Kamar mutum ya jefa guga a rijiya, igiya ta yi ta tafiya, bai ji ta taɓa ruwa ba. Ya dafa da hannun hagu don ya ƙara miƙewa, ya rufe ido kamar yadda ya saba, yana jira.

"Wani abu na ƙonewa," in ji Nas daga cikin mota.

"Waya ce ta haɗu?" Mai Faci ya matso yana shinshina.

Nas ta fito da sauri. Ba ta dubi inji ba, hannunsa ta duba. Ta kama wuyan hannun hagun ta fizge shi. Yatsu uku ne ya ɗora a kan bututun hayaƙi. Fatar ta yi fari ta tattare, wani wuri ta manne ta zauna a jikin ƙarfen.

Bakanike ya kalli yatsun kamar na wani ne aka miƙo masa ya duba.

Mai Faci ya buɗe baki zai yi wasa, wasan bai zo ba. Ya juya ya fita. Jim kaɗan injin iskarsa ya yi shiru. Tun da suke tare, sai an ɗauke wuta ake jin irin wannan shirun da rana.

Nas ta zaunar da shi a benci. Ta ɗauko gorar ruwanta ta yi ta zuba wa yatsun a hankali har ta ƙare, Mai Faci ya kawo wata. Ta buɗe jaka ta ciro man ƙuna da bandeji, ta naɗe. Sannan ta kama hannun daman, wanda bai ƙone ba, ta ciro biro.

"Rufe idonka, Baba. In ka ji na taɓa ka, ka ce min."

Ya rufe. Ya ji motoci na wucewa a titi. Ya ji numfashin Mai Faci a bayansa. Ya jira ta fara. Da ya ga ta daɗe, ya buɗe ido don ya ce mata ta yi mana. Sai ya ga bakin biron a nutse cikin babban yatsansa, har wurin ya yi rami.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Wata biyar."

"Suga?"

Ya gyaɗa kai.

"Kana shan magani?"

"Ina sha. Likita ya ce zai hana shi ci gaba. Bai ce zai dawo da abin da ya tafi ba."

Ba ta ce masa likita ya yi kuskure ba. Ya lura da hakan, kuma ya gode mata a ransa.

"Dattijo," in ji Mai Faci, muryarsa ta sauka, "bango ɗaya tsakaninmu. Kullum tare muke cin abinci. Ka kasa gaya min?"

"In gaya maka me? Kai da ko sauro ya cije ka sai duk layi ya ji?"

Mai Faci ya yi 'yar dariya, ya goge hanci da bayan hannu.

Bakanike ya tashi ya koma gaban motar. Ya tsaya yana kallon wurin da ido ba ya kaiwa. Ya yi magana bai juyo ba.

"'Yata, kina da madubi a jakar nan?"

Ta miƙo masa ɗan zagayayyen madubin hoda. Mai Faci ya kunna fitilar wayarsa ba tare da an ce masa ba, ya kau da kai gefe. Bakanike ya saka madubin a bayan hannun ƙarfen ya karkata shi har hasken ya faɗa wurin. Ga bakin kebul nan a ɗofane a kan ƙwallon, rabi ya shiga rabi bai shiga ba. Robar cikinsa ta karkace, amma ba ta yage ba. Ya tuna ranar. Ya danna, ya ƙara dannawa, ya ce a ransa ai ya shiga, ya rufe aikin.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne cikin giyar. Kwana huɗu ya yi a kanta. Ya wanke kowane lungu, ya auna kowane faifai, ya jera su a kan tebur ƙarƙashin hasken rana inda ido ke aiki. Ba wanda zai yi wannan aikin ya fi shi a garin nan. Sai ga ɗan abin da ake gamawa kafin a ƙifta ido ya ɓata aikin duka.

Ya gyara robar da bakin sukundireba yana kallo ta madubi. Amma hannu da madubi ba sa shiga wurin tare. Ya cire madubin, ya zura hannu, ya danna da duk ƙarfinsa. Ya fito da hannun, ya mai da madubin. Ƙarfinsa ya tafi a jikin wani ƙarfe daban. Kebul ɗin ko gezau.

"Kawo in gwada," in ji Mai Faci. Ya naɗe hannun riga ya cusa. Hannun ya tsaya a wuya, ya ƙi gaba. "Kai, masu ƙera motar nan ba sa cin abinci ne?"

Nas ta ajiye jakarta a kan benci. Ta cire agogo, ta naɗe farar rigarta har sama da gwiwar hannu.

"Gaya min abin da zan yi."

Ya shimfiɗa tsumma a kan bututun hayaƙin. Ya tsaya kusa da ita yana magana a hankali, kamar yadda ubangidansa ya yi masa yana saurayi. Ki bi kebul ɗin da yatsa har ƙarshe. Za ki ji zobe. Ki ɗora babban yatsa a bayansa, sauran yatsun su riƙe hannun ƙarfen ta sama. Kada ki karkata. Ki matse kamar za ki rufe murfin kwalba mai tauri.

Ta rufe ido. Bai ce mata ta rufe ba, da kanta ta yi. Ya ga jijiyar wuyan hannunta ta tashi. Sai fuskarta ta saki.

"Ya shiga."

"Kin tabbata?"

"Na ji shi. Ya faɗa, ƙas, a nan." Ta nuna masa babban yatsanta, baƙi ƙirin da mai.

Shi bai ji komai ba, duk da shirun da wurin ya yi. Wannan abin ba ya magana da kunne. Ya duba ta madubi, ya ga zoben ya zauna daram. Ya mai da akwatin iska, ya mai da murfin tsakiya. Nas ta shiga ta ja sandar. Kowace giya ta faɗa a gidanta, hannun ƙarfen yana bin ta ba jinkiri. Suka kai motar ɗan gangaren bakin titi, ta sa fakin ta saki birki. Motar ta ɗan yi baya kamar taku ɗaya na kaza, ta tsaya cak.

"Ta dawo yadda na san ta," ta ce.

Ta wanke hannu da sabulun gareji, ta rubuta masa ranar da ake ganin masu suga a asibitinsu, ta ce kada ruwa ya taɓa ƙunar. Har ta buɗe ƙofar mota, sai ta tsaya.

"Baba, mota nawa ka gyara a wata biyar ɗin nan?"

Ya san za ta tambaya. Tun yana kallon madubi yake lissafa su. Waɗanda ya kwance wa giya huɗu ne. Wata tasi. Motar gidan burodi. Motar wani tsohon malami. Da farar bas ɗin da ke kai yara makaranta, wadda direbanta ke tsayawa a kowace ƙofa ya fita ya sauke ƙananan da hannunsa.

Ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ba ta matsa masa ba.

"Ni ba zan gaya wa kowa ba," ta ce. "Ciwon mutum nasa ne. Allah Ya ƙara sauƙi."

Ta ja motar ta tafi. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Mai Faci ya zauna kusa da shi a benci, bencin ya yi ƙara.

"Ga shawara. Ka kira su ɗaya-ɗaya, ka ce kana so ka duba man giya, al'adarka ce bayan gyara. In sun kawo, mu leƙa da madubi, mu samu mai siririn hannu ya danna. Ba wanda zai sani. Ni kuwa bakina ka ɗauka an yi masa faci."

"Wuri ɗaya ne ka gani yau," in ji Bakanike. "A kowace giya akwai irinsa sun fi ashirin. Soket na waya, bakin tiyon mai, ƙananan maƙalai. Duk da hannu na mayar da su. Ban san wanne ya shiga ba, ban san wanne bai shiga ba. In na duba ma, da wane hannun zan duba?"

"To yaranka fa? Gidan fa? In maganar nan ta fita, ko keke ba mai kawo maka."

"Na sani."

Ya ciro wayarsa daga aljihu da hannu biyu. Ya danna, ta buɗe wani abu daban. Ya sake dannawa, ta zame ta faɗi a cinyarsa. Ya miƙa wa Mai Faci.

"Nemo min direban bas ɗin makaranta."

Mai Faci ya riƙe wayar bai danna ba. Bakanike ya dube shi kawai. Sai ya danna, ya kara masa a kunne.

"Ina wuni, direba. Ni ne. Kana ina? To, ka riga ka ɗauko yaran?" Ya saurara. "Madalla. Kada ka ɗauko su da ita yau, ku nemi wata motar. A'a, ba wasa nake ba. Akwai aikin da na yi maka wanda ban yarda da shi ba." Ya sake saurarawa, ya lumshe ido. "A'a, kada ka kawo min. Ka kai wa Mai Madubi. E, shi. Ka ce masa in ji ni, ya bi duk inda na taɓa."

Haka ya kira sauran ukun. Mai tasi ya yi faɗa. Tsohon malamin ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau. Kafin ya gama da na huɗun, ya hango masu walda na tsallaken titi sun tsaya da aiki suna kallon rumfarsa.

Mai Faci ya ajiye masa wayar a aljihu, ya koma shagonsa. Bai kunna injin iskar ba.

Madubin Nas yana nan a kan tebur, ta manta da shi, ko kuma ta bari. Bakanike ya rufe shi ya sa a cikin faranti tare da ƙananan kusoshi. Ya ga maɓallin wuyan hannun rigarsa ya ɓalle wajen aiki. Ya bar shi haka, sai ya je gida.

Wata jar mota ta gangaro daga titi a hankali, giyarta tana fizga, ta tsaya a bakin rumfar. Tun daga sautinta ya san abin da ke damun ta, ya san faifan da ya cinye, ya san kwana nawa aikin zai ɗauka. Direban ya sauke gilashi ya leƙo da fara'a.

"Sannu da aiki, Baba. Daga nesa nake. An ce min in zo layin nan in nemi mai ido a yatsa. Nan ne?"

Bakanike ya tashi tsaye, ya amsa gaisuwar, ya yi masa sannu da hanya.

"Ka ɗan ƙara gaba," ya ce. "Ƙarshen layi, hannun dama."

Ya ɗaga hannun da ke naɗe ya nuna masa.